Yadda Ake Gina Wuraren Ziyarar Gwarzo a Duniyar Ƙagaggen Labari

Marubucin da ya ƙirƙiri duniya tasa ta kansa, da ƙasashenta da sarakunanta da al'adunta, kusan kullum yakan ba ta wani gwarzo na zamanin da, wanda ya kashe dodo, ko ya kafa birni, ko ya fid da mutanensa daga ƙangi, kuma ya mutu shekaru aru-aru kafin labarin ya soma. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda za a sanar da mai karatu wannan gwarzo. Da yawa sukan ware babi guda su zuba tarihinsa daga haihuwa har mutuwa, mai karatu kuwa ya tsallake babin ya nemi inda ake hira. Hanyar da ta fi ita ce a bar gwarzon a cikin ƙasa, wato a rijiya, a dutse, a mashigin kogi, a kushewar da mutane suke takawa da ƙafa su je su gani. Abin da ya kamata marubuci ya riƙe tun daga farko shi ne cewa wurin ziyara na rayayyu ne. Gwarzon ya riga ya kwanta dama, wataƙila ma bai taɓa rayuwa ba, saboda haka waɗanda suke share wurin, suke riƙe da makullinsa, suke cin abinci da shi, suke husuma a kansa, su ne za su sa ya yi numfashi a takarda.

Ka fara da zana rayuwar gwarzon a matsayin hanya. Ɗauki takarda ka sa alama a duk inda wani abu ya same shi, sannan ka tambayi kanka abin da ya rage a wurin wanda ido zai iya gani. Labarin Bayajidda ya isa misali, domin kusan kowace gaɓa tasa tana da garinta. An ce ya fito daga Bagadaza, ya sauka Borno ya auri 'yar Mai, ya gudo yamma ya bar matarsa a Garun Gabas kusa da Haɗeja inda ta haifi Biram, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa makami, ya isa Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ake kira Sarki da ke cikin rijiyar Kusugu. Wanda ya bi waɗannan garuruwa ɗaya bayan ɗaya, labarin zai shiga kansa a jere ko da babu wanda ya karanta masa. Haka ake so taswirarka ta kasance. Mu ɗauka gwarzon duniyarka maharbi ne da ya kashe dodon da ya tare mashigin wani tsauni, har ayarin gishiri ya samu hanyar wucewa. Kana da ƙauyen da aka binne cibiyarsa, da maƙerar da aka yi masa kibiya, da idon ruwan da ya wanke rauninsa, da mashigin kansa, da inda ya cika. Wurare biyar ko shida sun wadatar, kuma kada ka ba su daraja ɗaya. Ɗaya zai zama babban wuri mai gini da dogarai, wani kuwa itace ne kawai a bakin hanya da matafiya ke ɗaura wa tsumma su wuce.

Bayan haka sai abin da ake zuwa gani. A nan marubuta sukan ruɗu da girma, su gina haikali mai hasumiya bakwai da ƙofofin zinariya, alhali wuraren da mutane suka fi ɗaura wa zuciya a duniyar gaske ƙanana ne ƙwarai. Kusugu rijiya ce mai baki da igiya da guga. Yau an kewaye ta da gini, amma abin da baƙo yake so shi ne ya leƙa cikinta ya kurɓi ruwan, takobin da ake dangantawa da Bayajidda kuma yana ajiye a fadar Daura. A Ile-Ife akwai wani dogon dutse da ya haura mita biyar, an kakkafa masa ƙusoshin ƙarfe, Yarabawa suna kiransa sandar Oranmiyan. A tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Sifen akwai wata tsaga mai faɗin kimanin mita 40 a jikin dutse, an ce jarumi Roland, wanda aka kashe a shekarar 778, shi ya sare ta da takobinsa lokacin da yake ƙoƙarin karya shi don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Abin lura shi ne cewa tsagar ta riga labarin. Mutane sun ga abin mamaki a ƙasarsu, sai suka nemo wanda ya isa ya yi shi. Haka nan a ƙasar Hausa tsofaffin ganuwoyi da dama ana kiransu ganuwar Amina. Saboda haka ka fara ƙirƙirar yanayin ƙasar, ka sa dutse mai rami kamar sawun ƙafa, ko tafki mai jan ruwa, ko kukar da tsawa ta raba biyu, sannan ka bar mutanen duniyarka su jingina shi ga maharbinsu. Kuma ka tabbata abin yana da abin da za a yi da shi da jiki: a taɓa, a sha, a shafa, a ɗora ƙafa, a ɗebi ƙasarsa a ƙulle a gefen zane.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda nake ganin ita ke raba wurin da ya zauna da wanda aka manna kawai, ita ce: wa ya fara cewa nan ne, a wane lokaci, kuma me ya samu? Gwarzon ya mutu a wani zamani, wurin ziyararsa kuma an kafa shi a wani zamanin dabam, sau da yawa bayan ƙarnoni, lokacin da wani yake buƙatarsa. A shekarar 1184 gobara ta cinye gidan ruhubanawa na Glastonbury a Ingila. A 1191, ana tsakiyar neman kuɗin sake gini, ruhubanawan suka ba da sanarwar cewa sun haƙa maƙabartarsu sun tarar da ƙasusuwan Sarki Arthur da matarsa, tare da gicciye na dalma mai ɗauke da sunansa. A 1278 aka sake binne ƙasusuwan a sabon kabari a gaban Sarki Edward na Ɗaya, wanda a lokacin yake fama da mutanen Wales, su kuwa sun daɗe suna cewa Arthur bai mutu ba, zai dawo ya cece su. Kabarin ya kawo wa ruhubanawa maziyarta, ya kuma ba sarki hujjar cewa wanda ake jira ɗin yana kwance a ƙasa. Tun kafin wannan, wajen shekara ta 476 kafin Miladiyya, wani shugaban yaƙin Atina mai suna Kimon ya ci tsibirin Skyros, ya tono akwatin gawar wani ƙaton mutum da mashi da takobi na tagulla a gefensa, ya ce Theseus ne, gwarzon da Atinawa ke ɗauka shi ya haɗa kan ƙasarsu. Aka kawo ƙasusuwan da biki, farin jinin Kimon ya ƙaru, wurin da aka ajiye su kuma ya zama mafakar bayin da suka gudu da talakawan da ke tsoron masu ƙarfi.

To ka yi wa kowane wuri naka wannan tarihi na biyu. Wataƙila idon ruwan da maharbin ya wanke rauninsa ba a san shi da wannan suna ba sai bayan wani fari, da mai garin ya ga fatake sun canja hanya zuwa wani zango, sai matarsa ta yi mafarki. Wataƙila kabarin da ke babban birni wani sarki ne da ya ƙwaci gadon sarauta ya gina shi don ya ce shi jinin maharbin ne. Ba lallai ka fallasa wannan a fili ba. Ya isa a ce wani tsoho a cikin labarin ya tuna kakansa yana cewa a zamaninsu awaki ake shayarwa a wurin. Kuma kada ka mai da masu kafa wurin maƙaryata zalla. Mutum yakan gaskata abin da yake amfanarsa da zuciya ɗaya, kuma jikokinsa za su yi kuka na gaske a gaban dutsen.

Daga nan sai masu tsaron wuri. Babu wurin ziyara da ba shi da mai makulli, kuma kusan ko'ina gado ne. A garin Kangaba na ƙasar Mali akwai wani ɗan ɗakin ƙasa zagayayye mai jinka, ana kiransa Kamablon, wanda aka gina a 1653. Duk bayan shekara bakwai ake sauya masa jinka a bikin kwana biyar. Zuriyar Keita, wato dangin Sunjata wanda ya kafa tsohuwar daular Mali, su ke da ɗakin. Samari su ke sauke tsohuwar jinka su ɗora sabuwa. Maroƙan gidan Diabate daga ƙauyen Kela su ke rera tarihin Mande, wato ƙasar kakanninsu, da asalin zuriyoyi. A nan ne kuma ake hasashen abin da shekaru bakwai masu zuwa za su zo da shi. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da ake kiyayewa a 2009. Dubi yadda aka raba aikin: masu ɗaki dabam, masu hannu dabam, masu baki dabam, kuma babu wanda zai iya yin biki ba tare da sauran ba. Wannan rabon shi ne taskar marubuci, domin ranar da maroƙa suka yi fushi suka ƙi zuwa, ko ranar da magajin mai makulli ya ce shi fatauci zai tafi, ka samu rikicin da zai ɗauki babi uku. A tarihin Kano ma an nuna Barbushe shi kaɗai ke shiga katangar da ta kewaye itacen Tsumburbura, yana zaune a kan Dala ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara, mutane su taru a gindin dutsen da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuru, ya shiga da dare ya fito ya gaya musu abin da zai auku. Ƙarfinsa duka yana cikin wannan katanga da wanin sa ba ya ƙetarewa. Ka yanke shawarar wanda aka hana shiga wurinka, da abin da aka ce zai same shi in ya shiga, da kuma ko an taɓa gwadawa.

Lokacin ziyara kada ka zaɓe shi da ka. Ka ɗaura shi ga aikin mutane da yanayin ƙasa. In mashigin tsaunin ba ya ratsuwa da damina, to ziyara sai da kaka, bayan an kai amfanin gona rumbu, lokacin da manomi yake da guzuri da sarari, kuma lokacin da ayarin gishiri ke tashi, yadda maziyarta za su fake da madugu saboda 'yan fashi.

Hanyar kanta ta fi wurin da ake nufa buƙatar aiki, domin a kanta ne mutanen labarinka za su shafe kwanaki. A nan ka ari dabara daga ziyarorin duniyar gaske, ko da waɗanda ake ziyarta a can mutanen tarihi ne. Mai tafiya Santiago de Compostela a Sifen da ƙafa ba a ba shi takardar shaida sai ya taka aƙalla kilomita 100, kuma a kowane masauki ana buga masa hatimi a ɗan littafinsa. A tsibirin Shikoku na Japan ana zagaya wuraren ibada 88 a tafiyar kimanin kilomita 1,200, da fararen tufafi da sanda. Sandar tana wakiltar Kukai, wani malamin addinin Buddha, wanda aka ɗauka yana tafiya tare da maziyarci, saboda haka in an sauka masauki sai a wanke ƙasanta kafin mutum ya wanke ƙafarsa, in an zo gada kuma ba a dogara ta, domin an ce ya taɓa kwana a ƙarƙashin wata gada, kada a tashe shi. Mutanen ƙauyukan hanya sukan miƙa wa matafiyi abinci ko 'yan kuɗi, kuma ba a ƙin karɓa. Irin wannan doka, ƙarama mai dalili a cikin labarin gwarzon, ita ce za ta ɗauke maka nauyin babin tarihin da aka ce kada ka rubuta. A hanyar maharbinka, wataƙila ba a yin fito da baki daga maƙera har mashigi domin da fito dodon yake kiran mutane, wataƙila kuma kowa yakan ɗingisa taku bakwai kafin ya isa idon ruwa. Yaro zai tambayi uwarsa dalili, uwar ta amsa a jimla biyu, mai karatu ya ji abin da ya faru ba tare da an tsayar da tafiya ba.

Kada ka manta da ciki da aljihu. Inda mutane ke taruwa kasuwa takan ci. Ka sa fatoma mai ƙara kuɗin ɗaki a watan ziyara, da mai fito da ke karɓar ninki biyu daga baƙi, da mabarata da suka raba wuraren zama a tsakaninsu, da masu sayar da tsaraba. Ka tsaya ka kalli mutum guda da kyau. Ga wata tsohuwa a bakin idon ruwa, ta jera ƙananan goruna a kan tabarma, kowanne an toshe bakinsa da totuwa an ɗaure da zare ja. Wanda ya zo da rigar masu kuɗi takan ce masa daga ainihin idon ta ɗebo kafin fitowar rana. Wanda ta ga ƙafarsa ta tsattsage da faso takan miƙa masa ƙoƙo ta nuna masa inda zai ɗiba da kansa, ta ce ya sa ta a addu'a. Jikarta kuwa tana bayan bukka tana cika sababbin goruna daga tulun da aka ɗebo a rafi. Wannan tsohuwa ta yi imani da maharbin, kuma da shi take ciyar da marayu, duka biyun gaskiya ne.

Sannan ka shuka saɓani. Wurin da kowa ya yarda da ma'anarsa ba ya haifar da labari. A ƙwanƙolin wani tsauni mai tsawon mita 2,243 a Siri Lanka akwai rami a dutse mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buddha sun ce sawunsa ne, Hindu sun ce na abin bautarsu Shiba ne, Musulmin yankin kuma sun daɗe suna cewa sawun Annabi Adamu ne. Ibn Battuta ya hau shi wajen 1344, ya ba da labarin sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa don masu hawa su riƙe. Har yau ana hawa da dare don a isa kafin fitowar rana, kuma kowa yakan buga ƙararrawa gwargwadon yawan zuwansa. Matakala ɗaya, sawu ɗaya, labari uku. A duniyarka ka bar garuruwa biyu su yi da'awar kabarin maharbin, kowanne da hujjarsa da kirarinsa, har ya zama mai hankali yakan ziyarci duka biyun ya kama bakinsa. Ka kuma tuna da waɗanda aka ci da yaƙi. Mutanen da suke zaune a tsaunin kafin zuwan fatake wataƙila suna cewa abin da aka kashe mai tsaronsu ne, kuma ranar da 'yan ƙasa suke kiɗa a mashigi su suna rufe ƙofa su ƙi hura wuta.

Akwai abin da ya wajaba marubucin Hausa ya kiyaye, domin mafi yawan masu karanta shi Musulmi ne, wasu kuma Kirista. Kada ka ɗauko ibadun Hajji ka yafa wa gwarzon da ka ƙaga, kamar kewaya ɗaki sau bakwai ko jifan shaiɗan, kuma kada ka gina wurinka a kan siffar hubbaren wani malami na gaske yadda kowa zai gane. Mai karatu zai ji an taɓa masa abin da yake girmamawa, ya ajiye littafin, kuma yana da gaskiya. Duniyar taka ce, tana da ikon samun nata al'adu da suka tsiro daga nata labarin, kuma nuna abin da mutanen wata ƙagaggiyar ƙasa suke yi ba kira ba ne zuwa gare shi. In ka sa a cikinsu akwai masu wa'azin da ke ƙyamar shafar dutse da ɗaura tsumma, ka ƙara wa duniyar gaskiya, domin duk inda ake ziyara akwai masu sukarta.

Ka bar zamani ya taɓa wuraren. Gidan ruhubanawan Glastonbury an rushe shi bayan 1539, ƙasusuwan suka ɓace, yau allo ne kawai a cikin kango yake nuna inda kabarin yake. Takobin da aka ce na Roland ne, wanda ya daɗe a soke a jikin dutse a garin Rocamadour, an wayi gari a 2024 babu shi. Saboda haka ɗaya daga cikin wurarenka ya kamata ya zama kufai, wani an sace abin da ke cikinsa an maye gurbinsa a asirce, wani kuma sabon sarki ya faɗaɗa shi har tsofaffi sun daina gane shi.

Idan ka zo saka duk wannan a cikin labari, ka zaɓi idon da za a gani da shi, kuma ka ba mai idon buƙata tasa. Lokacin da Iskandar na Masidoniya ya ƙetara zuwa Asiya a shekara ta 334 kafin Miladiyya, ya tsaya a Troy ya shafa mai a kan dutsen kabarin Achilles ya ɗora masa furanni, domin yana so rundunarsa ta gan shi a matsayin magajin wancan jarumi. Matar da ta shekara goma ba haihuwa, da sojan da ya gudu daga fagen fama, da ɗan sarkin da ke neman goyon bayan masu makulli, za su tsaya a gaban dutse ɗaya, amma abin da kowannensu zai lura da shi dabam ne. Game da abin al'ajabi kuwa, shawarata ita ce kada ka yanke hukunci da bakinka na marubuci. In gurgu ya miƙe a bakin idon ruwa, ka bar wani ya ce ya san shi yana tafiya a wata kasuwa, wani kuma ya rantse cewa tare suka girma bai taɓa takawa ba. Kafin ka ɗora wurin a cikin littafi, ka gwada shi a takarda dabam: ka rubuta mai makulli yana ba da labarin maharbin sau uku a yini ɗaya, da safe ga hakimin da ya zo da kyautar doki, da rana ga ayarin talakawa, da dare kuma ga ɗansa da zai gaje shi. In labaran uku suka fito iri ɗaya, to ka koma ka sake duba wanda ya kafa wurin da abin da zuriyarsa take ci a cikinsa, ka gyara daga can.